Zaɓen Bindiga da Harsashi Kafin Fita Farautar Manyan Namun Daji

Duk sansanin farautar da ka sauka, ko a kwarin Zambezi na Zimbabwe ne ko a dazuzzukan da ke kudu da Garwa a arewacin Kamaru, bayan ka sha ruwa ka huta za a zagaya da kai bayan sansani, a kafa kwali a jikin gidan gara, a ce ka harba uku. Za a ce maka ana son a ga ko jijjigar jirgi ta ɓata saitin bindigar. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Jagoran farautar ba kwalin kaɗai yake kallo ba, fuskarka yake karantawa: ko kana runtse ido kafin ƙarar ta tashi, ko fizgar kunama kake yi, ko kafaɗarka na gudun ƙota. Da harbi ukun nan zai yanke ko zai bar ka ka harbi ɓauna daga mita 80, ko sai ya yi rarrafe da kai har mita 30.

Don haka tun daga nan ka cire tunanin cewa bindigar da ta fi girma ita ta fi kyau. Wadda kake nema ita ce wadda doka ta yarda da ita, take da ƙarfin kayar da babbar dabbar da ke cikin lasisinka, kuma kake iya harba ta ba tare da gabanka ya faɗi ba. Sharuɗɗa uku ne, na ukun kuwa shi mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Maganar nan duka a kan farauta mai lasisi ce, wadda gwamnati ke ƙayyade adadin dabbobin da za a harba a shekara, ba shiga gandun da aka hana irin Yankari ba.

Mataki na farko: rubuta dabbobin, ka san dajin

Kafin ka leƙa shagon bindiga, ɗauki takarda ka jera abin da za ka nema. Masu wannan sana'a sun kasa namun daji gida biyu. Akwai na fili, waɗanda in sun ji rauni gudu suke yi: gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gada, jakin dawa, mugun dawa, da dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho ta kudancin Afirka da ake kira kudu (sunanta ke nan, ba kudu da arewa ba). Sai masu haɗari, waɗanda in sun ji rauni kanka suke juyowa: ɓauna, giwa, dorina, zaki, damisa, da kada.

Babbar dabbar da ke takardar ita ke zaɓa maka bindiga. Bijimin ɓaunar kudanci da gabashin Afirka yakan kai kilo 600 zuwa 850, ga fata mai kauri, ga haƙarƙari masu faɗi da suka kusa rufe ƙirjin kamar garkuwa. Ba banza Bahaushe ya yi mata kirari da saniyar sake ba. Ɓaunar Kamaru ba ta kai wannan girma ba, sai dai zuciyar ɗaya ce. Iland na Lord Derby, wani ƙaton naman fili mai ƙaho, wanda saboda shi maharba da yawa ke zuwa yankunan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da Faro da Buba Njida, ba ya kai hari, amma yana iya kusantar tan guda, kuma da ƙafa ake bin sawunsa yini guda cikin zafi. Damisa kuwa ba ta cika wuce kilo 70 ba, fatarta sirara ce, abin da take buƙata shi ne harbi daidai a lokacin da haske ya yi ƙaranci.

Sannan ka tambayi nisan harbi. A filayen Namibiya da Karu ta Afirka ta Kudu za ka iya samun kanka kana harbi daga mita 200 zuwa 250. A kurmin kudu maso gabashin Kamaru, inda 'yan ƙabilar Baka ke bin sawun bongo, wani babban naman kurmi mai ƙaho, da karnuka, da wuya ka hangi abin da ya wuce mita 20. Ɓauna dai a ko'ina, yawanci ƙasa da mita 100 ake harbinta.

Mataki na biyu: abin da doka ta ce

Kowace ƙasa da nata ma'auni, kuma ba duka ne ke ba da izinin irin wannan farauta ba. Kenya ta haramta ta tun 1977. Botswana ta dakatar a 2014, ta sake buɗewa a 2019.

A Tanzaniya, harsashi mai faɗin inci .375 shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka tunkari ɓauna ko giwa da shi. Zimbabwe ta haɗa faɗi da ƙarfi: giwa da ɓauna da dorina na buƙatar harsashi mai faɗin aƙalla milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 a bakin bindiga (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugun harsashi). Zaki da raƙumin dawa da iland milimita 7 da jul 4,300. Damisa da kada da matsakaitan namun fili milimita 7 da jul 3,000. Namibiya na neman jul 5,400 ga manyan masu haɗari, jul 2,700 ga irin su kudu, jul 1,350 ga ƙanana. Dokoki na sauyawa, don haka ka sa kamfanin da zai karɓe ka ya rubuto maka wadda ke aiki a shekarar tafiyarka. Kar ka dogara da abin da wani ya gaya maka ya yi shekara goma da suka wuce.

Mataki na uku: kaliba

Kaliba shi ne faɗin ramin bututun bindiga, kuma da shi ake kiran harsashin da ke shiga cikinta. Ingila da Amurka da inci suke aunawa: .375 na nufin kimanin milimita 9.5, .416 kimanin 10.6, .458 kimanin 11.6. Jamusawa kuwa lamba biyu suke bayarwa, faɗin harsashi da tsawon kwanso, kamar 9.3x62. Nauyin kan harsashi ana rubuta shi a jikin kwali da giren. Giren 300 ya yi daidai da giram 19.4.

In namun fili kaɗai za ka nema, ba ka da matsala. .30-06 Springfield, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1906, da kan harsashi mai giren 180, zai kayar da komai daga gada har jakin dawa. .308 Winchester na 1952 ƙanensa ne, bambancinsu a daji bai taka kara ya karya ba. 7x57 Mauser na 1892 ba ya dukan kafaɗa sosai, ya dace da mai ƙaramin jiki. In filin buɗaɗɗe ne, .300 Winchester Magnum na 1963 ya fi miƙewa a nesa, sai dai za ka biya da ƙara da shuri, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa. Ga iland, na fi son a haura zuwa .338 Winchester Magnum ko 9.3x62 ko .375, domin dabbar da aka yi kwana biyar ana bin sawunta ba a son a yi mata harbin wataƙila.

Da zarar ɓauna ta shigo lissafi, magana ta koma kan .375 H&H Magnum. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da shi a 1912, kuma har yau ba a ture shi ba. Yana tura giren 300 da gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinsa na kaiwa wajen jul 5,700, ke nan ya tsallake dokar duk ƙasashen da na ambata. Kwansonsa dogo ne mai tsukewa a hankali zuwa gaba, shi ya sa yake zamewa cikin ɗakin harsashi da ke gindin bututu salin-alin, ya kuma fito ba gardama ko da rana ta gasa ƙarfen. In ka saita shi a mita 100, faɗuwarsa a mita 200 ba ta wuce santimita 15 zuwa 20 ba, wato da bindigar da ka harbi ɓauna da safe za ka iya harbin kanki da yamma. Wata fa'idar da ba a rubutawa a jikin kwali: in jakar harsashinka ta ɓata a filin jirgi, .375 H&H ne kusan kowane sansani a Afirka zai iya lalubo maka. Da tsohuwar zuma ake magani. .375 Ruger na 2007 yana yin aiki iri ɗaya a gajeriyar bindiga, amma ka je ka nemi harsashinsa a ƙauyen da ke bakin daji ka gani.

9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905, ya yi wa manoman Turawa na Afirka hidima shekaru da yawa, kuma ya fi .375 sauƙin shuri. Matsalarsa takarda ce. Faɗinsa .366 ne, bai kai ma'aunin Tanzaniya ba, kuma harsasan kamfani da yawa masu giren 286 ƙarfinsu na tsayawa wajen jul 4,800 zuwa 5,000, ƙasa da abin da Zimbabwe da Namibiya suka rubuta wa ɓauna. Ka tambaya kafin ka ɗauko shi.

Sama da .375 akwai dangin .40: .416 Rigby na 1911, .404 Jeffery, da .416 Remington Magnum na 1988. Dukansu giren 400 suke jefawa. .416 Rigby kwansonsa ƙato ne, an yi shi haka ne don matsin iskar albarushi ya zauna ƙasa-ƙasa a ƙasashe masu zafi, domin albarushin wancan zamani zafi na hargitsa shi. Wanda zai riƙa zuwa farautar ɓauna a kai a kai, ko giwa ce babbar manufarsa, kuma ya riga ya saba da .375, to .416 mataki ne mai ma'ana.

Daga nan sai .458 Winchester Magnum na 1956, .458 Lott, da .470 Nitro Express, masu giren 500. Labarin .458 Lott ma darasi ne: ɓauna ta ji wa Jack Lott rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da .458 Winchester, sai ya tsawaita kwanson don ya ci albarushi da yawa, sabon harsashin ya fito a 1971. Bindigar Lott tana cin harsashin .458 Winchester in an rasa nata. To amma ka gane aikin waɗannan: kayan tsayar da dabbar da ta riga ta taso ne daga mita 10, kuma wannan aikin jagora ne, wanda ke tsaye a gefenka da irin wannan bindigar. Naka aikin shi ne harbin farko ya shiga inda ya kamata, don kar a kai ga buƙatar tasa.

Za ka haɗu da mai kawo maka labarin W.D.M. Bell, wanda ake wa laƙabi da Karamojo, da ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da ɗan ƙaramin 7x57. Haka ne. Sai dai mutumin ya riƙa tsaga ƙoƙon kan giwa yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa, giwayen zamaninsa ba su san bindiga kamar na yau ba, kuma abin da ya yi yanzu doka ta hana. Abin ɗauka a labarinsa shi ne sanin jikin dabba.

Sai tambayar bindiga ɗaya ko biyu. In ɓauna ɗaya ce da namun fili biyar ko shida, .375 kaɗai ta isa, ka kuma huta da ɗawainiyar takardu. In jerin namun filin na da tsawo, haɗa .30-06 da .375, ko .300 da .416. Abin lura: a dajin da ke da ɓauna da giwa, babbar ce za ta kasance a hannunka kusan kullum, domin ba ka san abin da za ka yi kiciɓis da shi a bayan kurmi ba. Ƙaramar takan yi zamanta a mota.

Mataki na huɗu: auna kafaɗarka, ban da cika baki

A bindigogi masu nauyin da aka saba, shurin .375 ya kusa ninka na .30-06 sau biyu. Na .416 ya kusa ninka shi uku, .458 da .470 kuma sun haura haka. Jiki ba ya mantuwa. In bindiga ta bugi mutum sau goma ya ji zafi, na sha ɗaya tun kafin ya ja kunama kafaɗarsa za ta zabura, bakin bindiga ya sunkuya, harsashi ya tafi ƙafa ko ciki.

Ga yadda za ka kama kanka. Ka ba abokinka bindigar ya loda maka ba ka gani, wani lokaci da harsashin gaske, wani lokaci da na gwaji marar albarushi. Ranar da ka ja kunama a kan marar albarushin, in bakin bindigar ya yi tsalle, to kana da wannan cuta. Na taɓa ganin an yi wa wani mai sabuwar .458 haka a gaban masu bin sawu. Bindigar ta ce ƙyas, shi kuwa ya yi gaba kamar an hankaɗa shi. Ba wanda ya yi dariya. Jagoran dai ya miƙa masa tsohuwar .375 ta sansani, da ita ya ƙare farautarsa lafiya.

Dalilin tsananta wannan magana biyu ne. A ƙa'idar kusan kowane sansani, in aka ga jini ko ɗigo ɗaya ne, dabbar ta zama taka, za ka biya kuɗinta ko an same ta ko ba a samu ba. Na biyun ya fi nauyi: ɓaunar da aka harba a ciki takan shige kurmi ta laɓe, kuma mai bin sawu ne a gaba, idonsa a ƙasa, ba komai a hannunsa sai sanda.

Nauyin bindiga na shanye shuri. .375 ta kai kilo 4 zuwa 4.5 da madubinta na hangen nesa, .416 ta kai 4.5 zuwa 5. Wadda ta fi haka sauƙi za ta yi maka daɗin ɗauka, ta rama a kafaɗa. Tsawon ƙota ya dace da hannunka, a kuma sa mata roba mai laushi a gindi. Ƙarfen nan mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage shuri yana aiki, amma yana watsa ƙarar gefe, kai-tsaye cikin kunnen jagora da masu bin sawu. Yawancinsu ba sa ƙaunarsa, wasu ma sai ka kwance shi.

Mataki na biyar: ƙirar bindigar

Ga mutum tara cikin goma, amsar ita ce mai sakata, wadda ake ɗaga hannunta a ja baya a tura gaba. Tana cin harsashi uku zuwa biyar, tana karɓar madubi, kuɗinta da dama-dama. A cikin masu sakata, masu farautar dabbobi masu haɗari sun fi yarda da tsarin Mauser na 1898, inda wani dogon farce ke cafke gindin harsashi tun daga fitowarsa daga gidan harsashi har shigarsa ɗaki, ya kuma fizgo kwanson da ƙarfi bayan harbi. Winchester Model 70 mai irin wannan farce da CZ 550 suna cikin wannan layi. Masu tura harsashi kawai, irin Remington 700, su ma sun kashe ɓauna ba adadi; illarsu takan fito ne in mutum ya rikice ya ja sakata rabi ya sake turawa, harsashi biyu su cushe. Blaser R8 ta Jamus ana jan sakatarta a miƙe, ana kuma sauya mata bututu, sai dai wasu ƙasashe kowane bututu a matsayin bindiga guda suke lissafa shi.

Mai baki biyu, irin ta Heym ko Krieghoff ko Merkel ko tsofaffin gidajen Ingila, tana da kwarjini, kuma harbi na biyu na nan take ba tare da ka motsa hannu ba. Amma tsadarta ta ninka, kuma an daidaita bakunan biyu ne su haɗu a wuri ɗaya, yawanci wajen mita 50, da nau'in harsashi guda. Ka sauya harsashi, kowane baki ya kama gabansa. Ga giwa a kurmi ta yi. Ga wanda zai je karon farko yana son ya harbi gwanki daga mita 180, ba ta yi ba.

Masu sarrafa kansu kar ma ka fara. Yawancin ƙasashen ba za su bari ka shigo da su ba.

Ko wace ka saya, cika gidan harsashinta taf, ka ja sakata da ƙarfi da sauri, kamar ranka ya dogara da hakan. Ka yi da masu tsinin kai, ka yi da masu faffaɗan kai. Ka tabbata murfin ƙasan gidan harsashi ba ya buɗewa da kansa in ta yi shuri, domin hakan na faruwa, mutum ya ga harsasansa zube a kan takalminsa. In ƙotar katako ce, a duba bayan ƙarfen ko akwai tsaga. Duk abin da ya ci tura, a kai wa maƙerin bindiga tun da sauran watanni.

Mataki na shida: kan harsashi

Bindiga jifa kawai take yi, kan harsashi ne ke aikin. Iri biyu ne. Akwai mai buɗewa, wanda in ya shiga nama yake bajewa kamar laimar kwaɗi ya yi ɓarna mai faɗi. Akwai daskararre, wanda ba ya sauya siffa, sai dai ya huda ƙashi ya wuce a miƙe.

Giwa daskararre kaɗai ake mata, haka dorinar da aka tarar a tudu. Zaki da damisa mai buɗewa, kuma ga damisa wanda ke buɗewa da wuri, domin mai tauri zai ratsa ta ya fita bai yi aikin kirki ba. Ɓauna ce ake taƙaddama a kanta. Tsohuwar al'ada ita ce na farko mai buɗewa, na ƙasansa daskararru, saboda harbi na biyu yakan zama daga baya ne tana gudu. Yanzu da aka samu masu buɗewa masu riƙe nauyinsu, irin Swift A-Frame da Barnes TSX da Trophy Bonded Bear Claw, jagorori da yawa sun koma cewa a cika da su duka, musamman cikin garke, inda daskararre zai iya fita ya sami wata saniyar a baya, ka shiga biyan biyu da bayani gaban jami'in gandun daji. Ga namun fili, Nosler Partition, wanda ke kasuwa tun 1948, har yau bai ba da kunya ba. Ka bi ra'ayin jagoranka a nan, shi ya san dajinsa.

Abin da bai kamata ba shi ne ka kashe dukiya a tafiya, ka zo ka yi tsumulmula a harsashi. Araha ba ta ado. Kuma in za ka riƙe iri biyu, su zama nauyi ɗaya, ka gwada ka ga suna faɗawa wuri ɗaya a mita 100.

Mataki na bakwai: madubi

A kan babbar bindiga, madubi mai ƙaramin ƙarfi ake so, 1 zuwa 6 ko 1.5 zuwa 6, kuma kullum a bar shi a ƙasa yayin tafiya. Wanda ya bar nasa a kan 9 ya ɗaga a mita 15, baƙin gashi kawai zai gani, bai san ko kafaɗa ce ko cinya ba. Tazarar ido da madubi ta kai santimita 9 zuwa 10, in ba haka ba shuri zai sa bakin madubin ya tsaga maka gira. A ɗaura shi da maɗauri mai saurin kwancewa, a kuma saita ƙarfen saiti na jikin bindigar, saboda ranar da madubi zai fashe. Mai neman damisa ko kada yana buƙatar wanda ya fi wannan jan haske da kusantarwa. A lokacin hunturu a arewacin Kamaru ƙura na shiga ko'ina: ka riƙe murfin madubi da ɗan buroshi, kar kuma ka cika wa sakata mai, domin mai da ƙura in sun haɗu taɓo suke zama.

Mataki na takwas: atisaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara aƙalla wata uku kafin lokaci. Tebur na saita madubi ne kawai. Da an gama, ka tashi. A Afirka a tsaye ake harbi, bindiga a kan sanduna uku da aka ɗaure kansu, wanda mai bin sawu zai kafa maka cikin daƙiƙa biyu. Ka yanki gora uku ka ɗaure da robar taya, ka saba da su. Ma'aunin shi ne farantin takarda mai faɗin santimita 20: in kana sa harbi biyar cikin biyar a ciki daga mita 100 a kan sanduna, ka isa. Nisan da ka fara kuskure, nan ne iyakarka, ka faɗa wa jagora tun ranar farko.

Kar ka harba babbar fiye da sau 10 zuwa 15 a zama ɗaya. Sauran atisayen ka yi da ƙaramar .22, da kuma jan kunama ba harsashi a gida, bayan ka duba ɗakin harsashin bindigar sau biyu ka tabbata babu komai. Koyi sake lodawa bindiga na kafaɗa, idonka na kan dabba. Sabon shiga yakan harba ya sauke bindiga yana leƙen abin da ya faru, ɓauna kuwa ta riga ta shige. Ka yi ɗan gudu kafin wasu harbe-harben don ka san yadda saiti ke rawa in kana haki. Ka nemi hotunan jikin dabbobin ka haddace inda zuciya da huhu suke: a yawancin namun Afirka sun fi matsowa gaba, tsakanin kafaɗu, don haka ana bin layin ƙafar gaba a hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki.

Musulmin da ke son cin naman ya yi bisimilla yayin harbi, in kuma an tarar da dabbar da sauran rai a yanka. Ka sanar da jagora wannan tun kafin a fita, don a shirya wanda zai yi yankan da inda wuƙa za ta bi in ana son fatar wuya. Ɓauna dai ba mai matsa mata da wuƙa sai jagora ya tabbatar ta gama.

Mataki na tara: takardu, ko kuma haya

A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta kuma jera wasu kaliba na soja, har da 7.62 da .303, cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Ga mai tashi daga nan, hanya mafi sauƙi sau da yawa ita ce hayar bindigar sansani, a biya kuɗin kwana da na kowane harsashi. Ba abin kunya ba ne. Ka dai tambaya tun da wuri wace iri ce, wane kaliba, wane madubi, wane harsashi, in kai bahago ne ka faɗa, sannan ka roƙi a ba ka rabin yini na farko ka saba da ita.

In da taka za ka tafi, kowace ƙasa na ba da izinin shigowa na wucin gadi, kamfanin farautar ne ke taimaka maka da shi, wani wurin watanni kafin zuwanka. A Afirka ta Kudu fom ɗin SAPS 520 ake cikawa, ba a sa masa hannu sai a gaban ɗan sanda a filin jirgi. Ba a yarda da bindiga biyu masu kaliba ɗaya ba, harsashi kuma kar ya wuce 200 ga kowace. Kamfanonin jirgi sun tsaya a kilo 5 na harsashi ga fasinja, cikin kwalinsa ko akwati mai kulle, bindiga kuma a akwati mai tauri, ba komai a cikinta. Wasu kamfanonin ba sa ɗaukar bindiga sam, wasu ƙasashen kuma, irin Holan, ko ratsawa za ka yi sai da izini. Lambar da ke jikin bindiga ta dace da ta takarda harafi da harafi, sunan kaliba da ke gindin kwanso ya dace da na jikin bututu. Harsashi 40 na babbar da 60 na ƙaramar sun ishi farautar kwana goma zuwa sha huɗu, har da na gwajin ranar farko. Ka ɗauki hoton kowace takarda kwafi uku, ɗaya a aljihu, ɗaya a jakar hannu, ɗaya a cikin akwatin bindigar, ka kuma sa ɗan sukundireban da ya dace da kusoshin maɗaurin madubinka a gefen akwatin.